Rumfar Zana Mai Ƙofa Ɗaya

Lahadi, 10 ga Satumba 2023

Yau anka yi suna gidan abokina Yakuba. Na dawo da abu a rai, na rasa wanda zan faɗa ma, shi ya sa na ɗauko wanga kaye, littafin rubutu.

An fito wa yara da shinkafa a babban faranti guda, anka aje musu ƙarƙashin darbejiya. Ɗiyata na cikinsu. Ummul Khairi ne sunanta, amma tunda ita ce ta fari ba mu kama sunan, Balaraba muke ce mata. Shekararta tara. Ta je ta wanke hannu, ta dawo ta naɗe ƙafa, ta yi bisimilla a fili. Kafin ta rufe baki hannu goma sun shiga. Ina tsaye bakin zaure ina kallo. Ba wanda ya hana ta. Jira take a turo mata gefenta, yadda uwarta ke yi mata a gida. Har anka suɗe farantin tana zaune. Ta tashi ta sake wanke hannun da bai taɓa komi ba, ta zo wurina ta ce, "Baba, ina ganin an manta da rabona."

Na saya mata ƙosai a hanya.

Labari ya riga mu isa gida. Inna, mahaifiyata, na zaune tana ɓarar wake. Ta ce, "To Madam, an ƙoshi?" Sannan ta juyo gare ni. "Kai da yara goma sha biyu kunka ci a akushi guda, har ka fito da ƙashi. Wagga ko kaza ta ƙwace mata tuwo, takarda za ta rubuta mata."

Na yi dariya don ta bar maganar. Ba dariya nake ji ba.

Talata, 12 ga Satumba

Bari in rubuta yadda abin ya faro, don ni kaina na fara mantawa.

Saƙar zana ce sana'ata, ita na gada. Duk shekara bayan girbi ni ke ɗaure rumfunan lakwal, makarantar bokon garinmu, don azuzuwan siminti biyu ne rak, na manyan yara. Ƙanana a cikin zana suke karatu. Shekara biyu da sunka wuce, Balaraba ta yi kwana goma sha biyu a rumfar da na ɗaure da hannuna, sai rediyo ta faɗi gobarar ajin zana a Maradi. Ina cikin saƙa na ji. Na aje igiya na tafi na ɗauko ta ana tsakiyar karatu, ko sallama ban yi wa mushe, malaminsu, ba.

Biyu munka binne a bayanta, tun suna goye. Ita kaɗai ta tsaya mana.

Ga abin da munka shirya da Wasila, matata. Ita ta yi kwaleji har aji huɗu, to ta riƙa koya mata boko da safe. Ni da lakwal ɗina bai wuce aji huɗu na ƙasa ba, in riƙa biya mata allo bayan asuba, don makarantar allon ma wutar kara suke zagayewa. In ta kai shekarun shiga ajin siminti sai ta koma. Saura shekara biyu.

Abin da ban shirya ba shi ne yadda abin ya yi ta yaɗo. Daga lakwal ya bi rijiya, kada ta faɗa. Ya bi injin niƙa, saboda bel. Ya bi bakin titi, saboda motocin simintin Malbaza. Ban taɓa ce mata kada ta fita ba. Kullum dai akwai dalilin ranar.

Asabar, 16 ga Satumba

Balaraba ta karanta wa Inna takardar maganin ciwon gwiwa, da Faransanci, ta fassara mata. Inna ta ce ashe shekara guda tana shan shi ba daidai ba. Wasila ta kalle ni, na kalle ta. Ko a gaban liman zan faɗa, babu sa'arta a garin nan da ta kai ta karatu.

Da la'asar na zagaya bayan rumbu neman lauje. Na iske ta ta jera duwatsu layi uku, tana riƙe da tsinke. Tana cewa, "Hindu, ɗaga allonki. Kande, bar surutu, kullum ke ce." Kande ɗiyar Tsahara ce maƙwabciyarmu, Hindu kuma ƙawarta. Ba ta taɓa wasa da ko ɗaya cikinsu ba. Ina ta san Kande na da surutu?

Na koma baya a hankali. Laujen ma na bar shi.

Juma'a, 22 ga Satumba

Na gano. Akwai ƙofa a zanar gidanmu ta wajen hanyar rijiya. Na san aikin akuya, daga ƙasa take fizga ta bar baki a tauntaune. Wannan an raba ciyawa ne biyu da yatsa, a hankali, ba a karya ko ɗaya ba. Tsayinta daidai cibiyata. Na durƙusa na sa ido. Yara mata huɗu na wucewa da bokiti, ɗaya na ba da labari da hannu har ruwa na zuba mata a wuya.

Na toshe. Aikin minti biyu.

Lahadi, 24 ga Satumba

Ƙofar zanar ta dawo. Taku ɗaya daga ta farkon.

Litinin, 2 ga Oktoba

An buɗe lakwal. Tun da safe hayaniyarsu ke shigowa har ɗaki. Wasila ta ɗaga murya wajen karatu, na gane don mi.

A fada wurin shayi maganar ta taso, ba ni na tada ta ba. Mamane, abokin shan shayinmu, ya dafa mini kafaɗa ya ce, "Junaidu ya yi daidai. Ɗiya mace mi ya kai ta waje? Lakwal ba ta koyar da komi sai zagi da ƙwarƙwata." Yakuba, shi da ke bin motar siminti har Yamai, ya ce, "Zagin ma karatu ne. Ni duk abin da nake cin abinci da shi a tasha, a filin lakwal na koye shi, ba a cikin aji ba. Wa za ka yi wa shiru, wa za ka tsaya ma, wa za ka ba rabin rogonka." Mamane ya ce shi ya sa ka fito karen mota. Yakuba ya ce gara shi, ya san hanyar Yamai, wani ko Konni sai an riƙe masa hannu. Anka yi ta dariya.

Ni hannun Mamane ne ya dame ni. Ba don abin da yake nufi na tsare ta ba. Ina son ta yi karatu ta wuce uwarta, ta wuce mushe ma. To amma in ka tsaya daga waje ka duba gidana ka duba gidan Mamane, zana ce iri ɗaya, yarinya ce a ciki.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Mushe Abdoulaye, shugaban lakwal, ya zo maganar zanar bana. Rumfa uku. Guda ta bara ta tsira daga damina, a ciki anka cusa ƙanana kafin a yi sababbi.

Ya ga Balaraba da littafi ya ce ta karanta. Ta karanta. Ya buɗe gaba, ta karanta. Ya rubuta mata lissafin rabawa a ƙasa da tsinke, ta yi, har ta ce masa bakwai ɗinsa ta yi kama da ɗaya. Ya yi dariya har ya cire tabarau.

Da na raka shi ya ce, "Malam Junaidu, madam ɗinka ta yi aiki, wallahi. In ta karatu ce, ko baɗi ina iya sa ta ajin siminti. Amma can akwai masu shekara goma sha uku, masu gemu na tsirowa. Wagga da ke gyara wa mushe bakwai, kwana uku za su yi su cinye ta. Sa'o'inta na aji uku. Yanzu ne suke ƙulla abin da za su ƙulla. In ta zo bayan shekara biyu, baƙuwa ce a garin ubanta."

Na ce aji uku a rumfa yake. Ya ce i, a rumfarka.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Biki gidan Tsahara, ƙanen mijinta ya yi aure. Inna ta ce ko ina so ko ba ni so da jikarta za ta tafi.

Bayan la'asar 'yan mata sunka yi da'ira a fili suna gaɗa. Ina tabarmar maza, ina hangensu. Irin wadda guda ke shiga tsakiya ta juya baya ta saki jiki, sauran su tare ta su cilla ta gaba. Balaraba ta tsaya a gefe tana tafi. Bakinta na bin waƙar kalma kalma, ba ta ɓata ko ɗaya ba. Duk ta ƙofar zana ta koye ta. Raina ya yi fari, ban ɓoye ba.

Sai kawai ta shiga tsakiya. Ta juya baya, ta rufe ido, ta saki jiki gaba ɗaya.

Ba wanda ya tare ta. Ba layinta ba ne, hannuwansu na kan Hindu da sunka cilla yanzu. Na ji ƙarar ƙeyarta daga inda nake. Sai dariya. Kande na ta cewa, "Ba ta ce ba! Ba a zo kanta ba!"

Ban san lokacin da na tsallake mutane ba. Ƙulu ya fito kamar ƙwan zabo, ba jini. Ba ta yi kuka ba sai da munka shiga gida.

Da ta yi shiru ta ce, "Baba, na yi yadda suke yi." Na ce na gani. Ta ce, "To ta yaya suke sanin wadda za ta faɗo?" Na ce tambayi uwarki. Wasila ta yi gaɗa shekara nawa, ta buɗe baki ta rufe. Ta ce, "Sani ne kawai."

Litinin, 9 ga Oktoba

Na tafi gidan Tsahara da zafina. Da na sani ban je ba.

Na ce ta ja wa Kande kunne, sun bar mini yarinya ta faɗi suna dariya. Tana wankin tukwanen biki, ko tashi ba ta yi ba. Ta ce, "Sannu Junaidu mai zana. Ta yaya za su tare wadda ba su san nauyinta ba?" Na ce ai mugunta ce. Ta aje soso. Ta ce, "Tunda ka zo bari in tambaye ka abin da ke cina shekara biyu. Ka cire taka daga rumfa don kada ta ƙone. Ka koma ka ɗaure rumfar, ka ɗaure ta bara ma, munka zuba namu a ciki. Namu ɗiyan su ne na ƙonewa?"

Matan da ke taya ta wanki sunka juyo. Wata ta ce haba Tsahara. Ta ce a'a, ku bar shi ya ba ni amsa.

Na juya.

Laraba, 11 ga Oktoba

Kwana biyu ban taɓa saƙa ba.

Muna sussukar gero da hantsi Wasila ta ce, "Malam, na gaji." Na ɗauka sussukar take nufi. Ta ce, "Ni ce uwa, ni ce madam, ni ce ƙawa. Jiya ta ce in yi mata gaɗa. Na tare ta ya fi sau ashirin, har bayana ya riƙe. Ka san mi ta ce? Wai ba haka ba ne, ni kullum ina tarewa."

Na ce kin manta abin da munka ji a rediyo? Ta ce ba ta manta ba, ita ma ta haife ta. Ta ce duk abin da ke kanta ta juye mata, saura abin da ba a juyewa daga uwa. Na ɗaga murya. Ban saba ba. Na ce in wani abu ya same ta ke za ki tsaya a gaban Allah ko ni? Ta ci gaba da daka, hawaye na sauka cikin turmi. Inna ta leƙo ta koma.

Da azahar Wasila ta aje mini fura ba ta ce komi ba. Na sha ban ce komi ba.

Talata, 17 ga Oktoba

Na ɗauki tsohuwar zana guda a amalanke na kai gona, inda anka gama yanka. Na kafa ta tsaye da dirka biyu, kamar bangon rumfa. Na ƙyasta ashana a ƙasa na fara ƙirga, ba sauri ba jinkiri.

Talatin da takwas. Toka.

Kuma yau babu iska.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Na tsaya bayan kukar lakwal lokacin da ake sakinsu shan iska. Anka buga ƙarfe. Na ƙirga yadda na ƙirga a gona, ina kallon bakin rumfar bara. Ƙofa ɗaya ce, faɗin kamu biyu, ni na yanke ta haka don kada awaki su shiga. Suna fitowa bibbiyu, suna turereniya, wata ta faɗi anka tsallake ta, wani ya koma ɗauko takalmi.

Ɗari da goma kafin na ƙarshe ya fito. Su saba'in da huɗu.

Na zauna a gindin kukar. Shekara biyu ina kwana lafiya don tawa na gida. Kande ce ta fito ta kusa da ƙarshe, tana jan wata ƙarama.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Bayan masallaci na faɗa wa Mushe Abdoulaye. Talatin da takwas, ɗari da goma. Ya ce ya sani, ba da ƙirga ba dai, amma ya sani. Ya rubuta takardar neman ajin siminti har ya gaji. Na ce a bar gefe guda a buɗe. Ya ce an taɓa yi, awaki sunka cinye littattafai, iska ta kwashe takardu, yara kuma duk jakin da ya wuce sai sun raka shi da ido. Na ce ƙofa huɗu. Ya ce ƙofa huɗu ɓarayin karatu huɗu.

Ya ce, "Kai ne mai zana. Ni alli na sani."

Laraba, 25 ga Oktoba

Kwana biyar ina abu guda a bayan gida. Inna ta ce na haukace, ina gina ɗaki ina turewa.

Da can zana doguwa nake zagaya rumfa da ita, in ɗaure ta tamau a kowace dirka, ko sa ba ya ture ta. Yanzu na yanka ta gajeru gajeru, kowace faɗin hannu biyu a buɗe. Na jingina su ta wajen dirkoki, ba ta ciki ba. In iska ta buga daga waje sai ta ƙara manna su. In an tura daga ciki sai su faɗi waje. Abin da ya rage shi ne mi zai riƙe su daga sama.

Igiyar rama, Wasila ta tura da ƙarfinta ba ta tsinke ba. (Ta zo da kanta, ban kira ta ba. Mun fara magana.) Zaren buhu, zakara ya hau ya kada ita. Kaba guda ta yi ƙarfi. Na tsaga ta biyu, da sauran ƙarfi. Na tsaga ta huɗu, ƙulli ɗaya a kowane gefe. Ta tsaya wa iskar jiya, amma na sa tafin hannu ɗaya ta tafi.

Tafin hannuna dai. Na babba.

Asabar, 28 ga Oktoba

Gayyar ɗaurin rumfa. Iyaye maza sun fito, ba duka ba. Mamane ya ce wannan ai ba gini ba ne, jingina ce, in mushe ya yi atishawa sai aji ya watse. Mijin Tsahara kuwa shi ya fi kowa haƙa rami. Tsahara ta aiko da kunu. Ba ta gaishe ni ba, amma ludayin farko ni anka miƙa ma.

Mun gama uku kafin la'asar. Ta bara na sa anka rushe.

Litinin, 30 ga Oktoba

Dole a gwada da yara. Na ce wa Wasila zan tafi da Balaraba, don gwaji kawai. Ba zan gwada da ɗan wani abin da ban gwada da tawa ba. Ta ce to. Ta daɗe tana ɗaura mata kallabi.

Mushe ya zaunar da 'yan aji uku, ya ce in sun ji ƙarfe sau uku kowa ya ture zanar da ke kusa da shi ya ruga gindin kuka. Sunka kalle shi kamar ya ce su zagi liman. Balaraba na can ƙarshen tabarma, an bar mata fili ta kowane gefe.

Anka buga. Bango huɗu sunka kwanta lokaci guda, rumfa ta zama rufi a kan dirkoki. Goma sha ɗaya. Na sake duba yatsuna. Goma sha ɗaya.

Amma saura guda a ciki. Tawa. Tana zaune hannu a cinya, tana jiran a kira sunanta. Da wuta ce fa? Kande ta komo da gudu ta fizgi hannunta. "Ke Madam, tashi mana! Wa kike jira?"

Yara sunka yi ta ihu a sake, a sake. Na ɗaure, anka sake. Karo na biyu ta tura, da yatsu, kamar mai taɓa tukunya da zafi. Karo na uku ban gan ta ba sai da na zagaya wajen wata zana, ga su su huɗu a kai sun faɗi tare, kallabi ya tafi, kai duk ciyawa.

Mushe ya ce wasa ya ƙare, a zauna. Sunka zauna da ita a ciki. Ni ina waje ina mayar da kaba, tsakanina da bayanta bai fi kamu ɗaya ba. Kalma ɗaya zan yi ta fito. Ɗaurin ya kai ni har azahar.

Talata, 31 ga Oktoba

Balaraba ta yi wanka tun kafin in dawo masallaci. Na ce zan je duba ƙulle-ƙullen jiya. Ta biyo ni da allon rubutu a hammata.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Na kwashe saƙata na koma gindin kukar lakwal. Kwana uku ke nan.

Na yi faɗa da mai suyar awara, na sa ta ja murhunta har bayan hanya. Ta ce shekara shida tana nan ba ta ƙona kowa ba. Na ƙwace ashana a aljihun wani ɗan ajin siminti. Mushe ya ce, "Malam Junaidu, ko in rubuta ka a rajista ne?"

Shi yana ganin an gama. Ni na san ba a gama ba. Rufin ma ciyawa ne, kuma daga sama yake zubowa. Goma sha ɗayan nan da dariya anka yi ta, da rana tsaka, suna sauraren ƙarfe. Hayaƙi ba ya buga ƙarfe. Kuma kaba na bushewa, wata na ƙara tauri, wata na ruɓewa, sai an bi su duk sati. Wa zai bi in ba ni nan?

Laraba, 8 ga Nuwamba

Litinin Balaraba ta dawo da yaƙushi a kumatu. Ta gyara wa Hindu karatu a gaban mushe, anka yi dariya, Hindu ta jira ta a hanya. Jiya ba wadda ta zauna kusa da ita, har Kande. Ta dawo ta kwanta rub da ciki ta ce ba ta ƙara zuwa, gida ya fi.

A nan kaɗai zan faɗa. Na ji daɗi. Kamar an sauke mini dami daga kai. Har na buɗe baki in ce to shi ke nan. Wasila na kallona daga bakin murhu. Na fita na ba jaki ruwa, alhali ya sha.

Yau da safe ba ta yi wanka ba. Muna zaune sai murya ta bayan zana. "Madam! Kin mutu ne? In kina zuwa ki zo, kuma ki bar bakinki a gida." Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta sha kunu a hankali. Sannan ta ɗauki allo ta fita, ko fuska ba ta wanke ba.

Inna ta ce, "Allah Shi ƙara." Ban tambaye ta mi ba.

Talata, 14 ga Nuwamba

Gambar kusa ta ƙare, dole na ɗaura jaki na nufi fadamar wajen Bazaga. Daga can ba a hangen kuka, balle rumfa. Ina yanka ina ɗaga kai wajen gari. Sama fes. Sau ɗaya na ga hayaƙi, lauje ya faɗi daga hannuna, na hau kan amalanke na tsaya. Wani ne ke ƙona gona, can kudu, ba ma wajenmu ba. Na yi dami tara.

Ni dai ban sa ta lakwal ba. Ban sa hannu a takardar kowa ba. Wasila ta ce mushe ya rubuta sunanta tun wancan satin, shi ya sani.

Na iso bayan la'asar ba ta tarye ni ba. Wai tana gidan Tsahara. Da ta shigo na ce mi kunka yi yau? Ta ce, "Ba komi." Ta kalli gefe tana danne dariya. Na sake tambaya, ta ce, "Maganarmu ce, Baba." Tun da ta fara magana ba ta taɓa ɓoye mini abu ba. Na rasa ko in yi fushi.

Asabar zan bi kaba, duka rumfa ukun. Gobe kuma zan wuce Bazaga kaɗan, an ce gambar can ta fi tsawo. Sai magariba zan dawo. Don gamba ne.